Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Raddi Ga Masu Ɗora Wa Na'ura Laifin Kutsen Ajin Bidiyo

Gabatarwa

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ina tsakiyar yi wa ɗalibaina bayanin rukunan aikatau bakwai na Parsons ta manhajar bidiyo, sai na ga wasu sunaye uku da ban sani ba sun bayyana a jerin mahalarta. Ɗaliban ajin a warwatse suke: mafi yawansu a Damagaram da Maraɗi, biyu a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗaya a zangon Kumasi. Abu ne da aka saba ɗalibi ya shigo da wayar yayansa ko ta matarsa, saboda haka ban damu ba, na ci gaba da jero misalai: kama, kame, kamo, kamu. Ban rufe baki ba sai kiɗa ya ɓarke a kunnen kowa. Wani ya karɓe allon ya haska hoton da bai kamata a siffanta shi a rubuce ba. Sannan wata murya ta kira ɗaya daga cikin ɗalibai mata da cikakken sunanta, har da unguwarsu, ta bi ta da kalaman batsa. Kafin in lalubo inda ake rufe zaman, an shafe kusan minti biyu.

Ɗalibar nan matar aure ce, malamar firamare, mai 'ya'ya uku, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin maigidanta ya amince ta ƙaro ilimi. Yana zaune a ɗakin lokacin da abin ya faru. Washegari ta aiko mini da gajeren saƙo: "Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, maigida ya ce karatun ya isa haka." Na kira maigidan na ba shi haƙuri, ya saurare ni cikin mutunci, amma ba ta sake dawowa ba.

Binciken bai ɗauki mako guda ba. Wani ɗalibi ne daga cikin ajin, wanda a ranar ya kamata ya gabatar da jinga bai kuwa yi ta ba, ya tura wa abokansa mahaɗin shiga, ya haɗa musu da sunayen 'yan ajin domin wasan ya yi armashi. Ni kuma mahaɗi ɗaya nake amfani da shi tun farkon zango, na liƙa shi a rukunin WhatsApp mai mutum fiye da ɗari, ciki har da waɗanda suka kammala karatu tun bara. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da na ji daga bakin abokan aikina bayan haka. Ɗaya ya ce aikin 'yan dandatsa ne, babu yadda za a yi da su. Wani ya ce dama karatu ta bidiyo bai dace da mu ba, a soke shi. Na uku ya ce manhajar ce ba ta da inganci, a koma wata. Duka ukun sun kauce, domin kowanne yana wanke malami da hukuma da ɗalibi ne, ya jibga laifin a kan na'urar da ba ta magana. Matsayina shi ne, mai kutse cikin ajin bidiyo a mafi yawan lokuta ta ƙofa yake shigowa, da mabuɗin da ɗan gida ya miƙa masa, kuma tsare wannan ƙofa wani ɓangare ne na aikin koyarwa, daidai da shirya darasi da duba takardun jarrabawa.

Yadda Abin Ya Faro

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a mafi yawan ƙasashen duniya, har da Nijar da Kamaru da Ghana da Najeriya. Malamai suka yi tururuwa zuwa manhajojin taro ta bidiyo, musamman Zoom. A watan Disamba na 2019 mahalarta zama a wannan manhaja ba su wuce miliyan 10 a rana ba. Zuwa watan Afrilu na 2020 sun kai miliyan 300. Manhajar da aka gina domin ma'aikatan kamfanoni waɗanda suka san juna ta wayi gari tana ɗauke da yara 'yan firamare da ɗaliban jami'a da majalisun gwamnati. An tsara ta ne domin shiga ta zo da sauƙi: kowane zama yana da lamba mai alƙaluma 9 zuwa 11, wanda duk ya san lambar yana iya faɗowa ciki, kuma zamammaki da yawa ba su da kalmar sirri.

Ba a jima ba 'yan iska suka gano haka. A ranar 30 ga Maris na 2020, ofishin hukumar FBI da ke birnin Boston ya fitar da gargaɗi, ya kawo misalai biyu daga makarantun jihar Massachusetts. A ɗaya, wani ya shigo aji ya yi ashar, sannan ya ɗaga murya ya faɗi adireshin gidan malamin. A ɗayan kuma wani ya bayyana a kyamara yana nuna tambarin 'yan Nazi da aka zana a jikinsa. A farkon watan Afrilu hukumar ilimi ta birnin New York ta hana malamanta amfani da manhajar, haka ma ma'aikatar ilimi ta Singafo, bayan da wasu maza suka kutsa darasin labarin ƙasa na wata sakandare suka nuna wa yara hotunan batsa. Turawa har suna suka raɗa wa abin, suka haɗa sunan manhajar da kalmar "bam".

Adalci ya sa in yarda cewa a wancan lokaci kamfanin yana da nasa kason laifi. Ɗan jarida Brian Krebs ya ba da labarin wata manhaja da ke gwada lambobi barkatai, tana gano kimanin zama 100 a cikin awa guda, dukansu marasa kalmar sirri. Shugaban kamfanin, Eric Yuan, ya fito ya nemi gafara a ranar 1 ga Afrilu, ya ce za su dakatar da ƙirƙirar sababbin abubuwa na kwana 90 domin su fuskanci tsaro. Daga 5 ga Afrilu aka mayar da kalmar sirri da ɗakin jira abin da ke kunne tun asali ga masu asusun kyauta. A 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 85 domin sasanta ƙarar da aka shigar a kansa a Amurka kan sirrin jama'a da wannan kutse. To, an sa wa ƙofa ƙyaure da kwaɗo. Me ya sa ɓarnar ba ta tsaya ba?

Ɗan Dandatsa Ko Ɗan Gida?

Ɗalibin Hausa ya san cewa kalma tana zuwa da hoto. Idan aka ce "ɗan dandatsa", mai ji yana hango gwanin kwamfuta ne a wata ƙasa mai nisa yana farfasa katangar tsaro da ƙwarewa. Idan kuwa aka ce wani ya "kutsa kai", ana nufin ya cusa kansa inda ba a gayyace shi ba, kuma wannan ba ya buƙatar wata fasaha, rashin kunya kawai yake buƙata. Malamin da ya zaɓi kalmar farko ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa abin ya fi ƙarfinsa. Hujjar da ke hannu kuwa kalma ta biyu take goyon baya.

Wasu masu bincike daga Jami'ar Boston da Jami'ar Binghamton ta Amurka, cikinsu har da Gianluca Stringhini da Jeremy Blackburn, sun bi diddigin saƙonni fiye da 200 da aka wallafa a Twitter da dandalin 4chan a watanni bakwai na farkon 2020, waɗanda a cikinsu ake kiran mutane su zo su tarwatsa wani zama. Sun gabatar da sakamakon a 2021. Abin da suka samu shi ne, kimanin kashi 70 cikin 100 na kiraye-kirayen 4chan, da kashi 82 cikin 100 na Twitter, daga 'yan ciki suka fito, wato mutanen da ke da haƙƙin shiga zaman, galibi ɗaliban sakandare da na jami'a masu son a wargaza darasinsu. Ɗan cikin yakan ba da mahaɗi, ya ba da kalmar sirri, wani lokaci ma ya ba da sunan wani ɗalibi na gaskiya domin mai kutse ya shigo da shi malami bai gane ba. Bugu da ƙari, fiye da kashi 90 cikin 100 na kiraye-kirayen ana yin su ne lokacin da darasin ke gudana, saboda haka babu damar a hango su tun da wuri. Masu binciken sun kammala da cewa kariyar da ta fi tasiri ita ce a ba kowane mahalarci mahaɗinsa na kansa.

A can aka yi binciken, amma da na karanta shi sai na ga kamar ajina aka zana. Akwai kuma wani abu da malamai da yawa ba su lura da shi ba: mahaɗin da manhaja ke ba ka domin ɗalibi ya shiga da taɓawa ɗaya yakan zo ne da kalmar sirrin a cushe a jikinsa. Wanda duk ya tura mahaɗin ya tura har da mabuɗin. Ke nan malamin da ke bugun ƙirji cewa ya sa kalmar sirri, alhali ya watsa mahaɗi a rukuni mai mutum ɗari, tamkar wanda ya kulle ƙofa ne ya rataye mabuɗin a jikin ƙyaure. Da ɗan gari akan ci gari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu Cewa A Soke, Da Masu Cewa A Sauya

Ga abokin aikina mai cewa a soke karatu ta bidiyo, tambayata ita ce: wa zai biya kuɗin sokewar? Shi dai yana da ofis da albashi, ɗaliban da ke gari ɗaya da shi za su same shi a aji. Wanda zai yi asara shi ne malamin makarantar ƙauye da ba zai iya barin aikinsa ba, da matar aure mai goyo, da Bahaushen Kumasi ko na Garwa wanda ke magana da harshen tun yana yaro amma bai sami mai koya masa nahawunsa da ƙa'idojin rubutunsa a kusa ba. Tsakanin Yamai da Damagaram kaɗai akwai tafiyar kimanin kilomita 900. Harshen da masu magana da shi suka bazu daga Sudan zuwa Ghana ya fi kowane harshe buƙatar ajin da iyakar ƙasa ba ta tare shi. Soke irin wannan aji saboda yara uku marasa tarbiyya daidai yake da miƙa musu abin da suka zo nema, domin dama burinsu a tashi darasin. Su ma waɗanda suka fara hanawa ba su dawwama a kai ba: Singafo ta dawo da manhajar bayan 'yan kwanaki da ƙarin matakan tsaro, New York kuma ta janye hanin a watan Mayu na shekarar.

Mai cewa a koma wata manhaja kuwa, an gudu ba a tsira ba. Google Meet da Microsoft Teams duk da mahaɗi ake shigar su, mahaɗi kuma ana iya tura shi ga kowa. Kowacce tana da nata wurin da baƙo ke jira a ba shi izini, da nata ikon hana mahalarta magana ko haska allo. Malamin da bai koyi amfani da waɗannan a manhaja ta farko ba, da halinsa zai ƙaura zuwa ta biyu.

Darasin Zaure

Abin mamaki shi ne, al'ummar da ta fi kowa sanin ƙa'idar shiga gida ita ce ta yi sakaci da ita a intanet. Dubi tsarin gidan Bahaushe na gargajiya. Ƙofa ɗaya ce, kuma ta zaure take. Baƙo yana isowa ya yi sallama, ya tsaya. A aika yaro ciki, maigida ya fito ya ga ko wane ne. Wani a zauren zai gama abin da ya kawo shi ya koma, wani a wuce da shi gaba kaɗan, cikin gida kuwa sai muharrami da mata da yara. A jikin bangon wasu gidaje har rubutawa ake yi cewa ba a shiga. Babu wanda ya taɓa kiran wannan rowa ko wulaƙanta baƙo. Kowa ya san mutunci ake karewa. Haka malamin zaure yake zama yana fuskantar ƙofa, ya san kowane ɗalibi da sunansa, ya san ɗan wane ne, baƙuwar fuska kuwa sai ta gabatar da kanta kafin ta buɗe littafi.

Abin da manhajojin nan ke kira ɗakin jira, zaure ne ba wani abu ba. Mun ari kalmar "zaure" mun liƙa wa rukunonin WhatsApp, alhali da yawansu sun fi kama da kasuwa, inda babu maigida kuma babu mai tambayar wa ya shigo. Inda kalmar ta fi dacewa, wato mashigar aji, can ne muka bar ta babu mai tsaro.

Akwai kuma wani bambanci da ya sa sakacin ya fi muni. A ajin bulo da siminti, ɗalibi ne ke barin gida ya zo wurin malami. A ajin bidiyo kuwa malami ne ke shiga gidan ɗalibi, da muryarsa da duk wanda ya biyo shi. Wayar tana tsakar gida ko cikin ɗaki, yara na kusa, miji ko uwa na ji. Mai kutsen da ya shigo aji mai mutum arba'in ya shiga cikin gida arba'in ne a lokaci guda, kuma malami ne ya buɗe masa. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake cewa tsaron aji aikin ma'aikatan kwamfuta ba ne.

Matakan Da Ba Su Fi Ƙarfin Kowa Ba

Na farko, kada malami ya yi darasi da lambarsa ta dindindin, wadda manhaja ke ba kowane mai asusu. Wannan lamba ba ta canzawa, wanda ya same ta sau ɗaya ya same ta har abada. A ƙirƙiri sabon zama mai sabuwar lamba, a sauya shi duk lokacin da aka yi shakka, kuma a rufe damar shiga kafin malami ya iso.

Na biyu, kada a liƙa mahaɗi a Facebook ko a babban rukuni. Mafi inganci shi ne rajista, inda kowane ɗalibi ke samun mahaɗinsa, a kuma hana amfani da mahaɗi ɗaya a na'ura fiye da ɗaya. Amfanin wannan biyu ne: ɗalibin da ya ba da nasa ya rasa kujerarsa, kuma idan ɓarna ta auku an san ta ƙofar wa aka shigo. Inda jami'a ta ba ɗalibai adireshin imel nata, a taƙaita shiga ga masu wannan adireshi. Inda babu ko ɗaya, a buɗe ƙaramin rukuni na 'yan ajin wannan zango kaɗai, a tura mahaɗin 'yan mintoci kafin darasi.

Na uku, a kunna zaure, a sa masa mai tsaro da takardar sunaye a hannu. Kowa ya shigo da cikakken sunansa da alƙaluma uku na ƙarshen lambar rajistarsa. Tun da an san ana aron suna, duk wanda aka yi shakkarsa a nemi ya yi sallama da muryarsa. 'Yan aji sun san muryar juna.

Na huɗu, a ɗaure hannun mahalarta tun kafin a fara. Haska allo ya zama na malami kaɗai, sai wanda ya ba izini. A kashe damar zane a kan allo, da tura fayil, da saƙon sirri tsakanin ɗalibai, da sauya suna bayan an shigo. Kowa ya shigo makirufonsa a rufe. Da na yi wannan kaɗai, da waɗancan yara uku sun shigo sun zauna kamar gumaka.

Na biyar, malami ya san inda maɓallan gaggawa suke kafin ranar buƙata. Tun watan Nuwamba na 2020 Zoom ta ƙara maɓalli guda da ke dakatar da komai a lokaci ɗaya, murya da hoto da saƙo da allo, ya kuma kulle zaman. Akwai na fitar da mutum, wanda idan an fitar da shi ba zai iya dawowa ba sai an ba da dama. Minti biyun da na ɓata ina lalube, daƙiƙa biyar ya kamata su zama. Gwaji na rabin awa da abokin aiki ya isa a koyi duk wannan.

Uzurorin Da Ake Kawowa

Za a ce mini: Dakta, ka manta da halin da muke ciki. Sabis yana yankewa, wuta tana ɗaukewa, ɗalibi yakan faɗi ya dawo sau uku a darasi ɗaya, idan an kulle aji an zalunce shi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa a wurinmu zaure mai mai tsaro ya fi kulle ƙofa gaba ɗaya dacewa. Wanda ya faɗi ya dawo zai tsaya daƙiƙa kaɗan a zaure a shigo da shi. Idan kuwa an kulle, sai a ba da lambar wakilin aji domin wanda sabis ya yanke wa ya aika saƙo a buɗe masa.

Za a ce ɗalibai da yawa da wayar aro suke shigowa, sunan da ke bayyana kuwa Tecno ne ko Itel. Gyara suna kafin shiga ba ya cin ko dala ɗaya, kuma a darasin farko ake koyar da shi. Za a ce tilasta buɗe kyamara yana cinye data, wasu mata kuma ba sa so. Ban nemi a buɗe kyamara ba; murya ta wadatar.

Za a ce malami ba zai iya koyarwa yana gadi ba. Haka ne, kuma ni shaida ne. Saboda haka ake naɗa mataimaki, ko ƙaramin malami ko amintaccen ɗalibi, wanda aikinsa a wannan awa shi ne ƙofa da jerin mahalarta. Ko a makarantar allo akwai babban almajiri mai lura da yara idan malam ya duƙufa a kan allon wani.

Uzuri mafi nauyi shi ne na masu cewa ilimi ba a rufe masa ƙofa, baƙo kuma rahama ne. Ina girmama wannan niyya, amma ta cakuɗa abu biyu. Lacca ga jama'a daban, aji daban. Mai son duniya ta amfana ya watsa laccarsa kai tsaye a YouTube ko Facebook, inda masu kallo ke gani ba tare da sun karɓe allo ba, ko ya naɗi darasin ya rarraba bayan ya cire sunaye da fuskokin ɗalibai. Aji kuwa wuri ne da ɗalibi ke yin kuskure a gyara masa, ya yi tambayar da yake jin kunyar yi a bainar jama'a. Idan ba shi da tabbacin su wa ke saurare, bakinsa zai mutu, kuma ajin harshe da ɗalibai ba sa magana a cikinsa ya tashi daga aiki.

Haƙƙin Hukuma Da Na Ɗalibi

Ba malami kaɗai ke da laifi ba. Jami'o'i da cibiyoyi da yawa sun umarci malamai su koma intanet ba tare da sun saya musu lasisi ba, ba horo, ba rubutacciyar ƙa'ida. Asusun kyauta na Zoom yana yanke zama bayan minti 40, kuma rajistar mahalarta da naɗa mataimaki suna cikin abubuwan da sai mai lasisi ke samu. Ma'ana, kariyar da bincike ya nuna ta fi tasiri tana hannun hukumar da ke riƙe da asusu. Hukumar da ke biyan maigadi a ƙofar makaranta, ta ƙi biyan kuɗin ƙofar ajin bidiyo, ba ta ɗauki ɗaliban nesa a matsayin ɗalibai ba, ko da kuwa ta karɓi kuɗin rajistarsu.

Wajibi ne kuma a rubuta a dokokin ɗalibai cewa ba da mahaɗin aji ga wanda ba ɗan aji ba laifi ne mai hukunci, kamar satar amsa. A tanadi hanyar da wanda aka ci wa mutunci zai kai ƙara, a kuma tuntuɓe shi a ranar, tun kafin gida ya yanke hukunci. A adana jerin mahalarta da lokacin shigarsu domin su zama hujja. Ƙasashenmu suna da dokokin laifukan intanet: Kamaru tun 2010, Najeriya 2015, Nijar 2019, Ghana kuma ta yi dokar tsaron intanet a 2020. Ya kamata ɗalibi ya san cewa abin da yake kira wasa yana iya kai shi gaban alƙali.

Ku kuma ɗalibai, mahaɗin da malami ya tura muku amana ce. Ba naku ba ne ku kaɗai, domin mutuncin kowane ɗan aji yana rataye da shi. Wanda abokinsa ya roƙe shi ya ce yana son ya saurara, ya tura shi wurin malami ya nemi izini. Wanda ya ga ana yawo da mahaɗin ajinsu a wani rukuni, ya sanar tun kafin lokacin darasi. Wannan ba tsegumi ba ne, kamar yadda wanda ya ga ƙofar maƙwabcinsa a buɗe da dare ya ƙwanƙwasa masa ba a kiransa magulmaci.

Kammalawa

Yaron da ya tura mahaɗin ya zo ofishina yana kuka, yana cewa wallahi bai zaci abin zai kai haka ba. Na yarda da shi, domin ni ma ban zata ba lokacin da nake liƙa mahaɗin a rukuni. An dakatar da shi zango guda, ya dawo ya ci gaba da karatunsa. Ni ba a dakatar da ni ba. Wadda ba ta aikata komai ba ita ce ta bar karatu.

Tun daga ranar, kowane zango darasina na farko ba na nahawu ba ne. Muna ɗaukar rabin awa muna gyara sunaye, muna gwada sallama a zaure, muna naɗa mai tsaron ƙofa, ina kuma ba su wannan labari ba tare da ambaton suna ba. Ina kira ga duk malamin da ke koyarwa ta bidiyo, a Yamai yake ko a Injamena ko a Akara, da ya buɗe saitin manhajarsa yau, kafin darasi na gaba, ya duba wa ke iya shiga, wa ke iya magana, wa ke iya haska allo. Ku kuma ɗalibai, idan malaminku bai yi ba, ku tuna masa cikin ladabi, domin gidajenku ne a bayan wannan ƙofa.